Gyaran Muryar Na-Gozaki

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina bin kuɗi a gidajen haya na Funtua, kuma ba na jin nauyin faɗin cewa na kunyata mutane da yawa. Da gangan na yi, da rana tsaka, ido na ganin ido. Samarin da ke zuwa wurina yanzu suna son koyon aikin kiyateka, wato mai kula da gidan haya, sukan ce, ai Baba abin ba wuya, ka tara 'yan haya a zauren hira na waya, wanda bai biya ba ka watsa sunansa da hotonsa, shi ke nan. Nakan bar su su gama. In sun gama sai in tambaye su, wanda kuka watsa ɗin, babu ce ta hana shi ko ƙi ya yi? Wanda bai iya raba waɗannan biyun ba, gara ya je ya koyi facin taya.

Ku fara sanin abin da muke bi. Kuɗin haya na shekara ba shi ne wahalar ba, don mutum ya san in bai biya ba kayansa za su kwana a waje, ko akuyar matarsa ce zai sayar ya kawo. Abin da ke sa wa kiyateka furfura shi ne ƙananan kuɗin wata-wata: na ruwa, na kwashe shara, na yashe masai, na wuta in mita ɗaya ce gida duka. Ba wanda ake kora a kan naira dubu. In ka kai ƙarar dubu ɗaya gaban alƙali ma kallon marar aikin yi zai yi maka. Ba ka da ɗan sanda, ba ka da bulala. Abu ɗaya ne a hannunka, mutumin nan ba ya son maƙwabtansa su san halinsa. Da shi kaɗai muke aiki, shi ya sa ba a ɓarnatar da shi.

Na shigo aikin ina ɗan shekara ashirin da shida, bayan an rage mu daga injin gurzar auduga. Wanda ya koya mini shi ne Malam Haruna Mai Makulli, Allah ya jiƙansa, wani gajeren dattijo da ke kula da gidaje tara a kan tsohon kekensa. Kayan aikinsa ba su da yawa: littafi mai baƙin bango da ya sha maiƙon hannu, jakar fata, alli, ɗan allon katako da ya rataya a zauren kowane gida, da ɗaurin makullai a ƙugu da ake jin ƙararsu kafin a gan shi. Shekarata ta farko bai bar ni na tambayi kowa ko kwabo ba. Abin da ya sa ni yi shi ne zagaya tsakar gida ina leƙa kwandon sharar ƙofar kowane ɗaki, in dawo in gaya masa wa ke da kuɗi. Na ɗauka wulaƙanci ne, har na kai ƙara wajen kawuna. Sai daga baya idona ya buɗe. Ɗakin da aka zubar da gashin kaza ranar Talata, ba suna ba biki, yana da kuɗin ruwa. Ɗakin da ka ga gwangwanin madara yana da shi. Ɗakin da kwana uku ba ka ga komai a kwandonsa ba sai tokar kara da ɓawon rogo, kada ka ƙwanƙwasa masa, ka gaishe shi ka wuce.

Sannan ya koya mini lokaci. Manomi ba a tambayarsa daga faɗuwar ruwa har a karya masara, don kuɗinsa duk suna cikin taki. Ma'aikaci ranar da aka yi albashi za ka tare shi kafin la'asar, in ka bari ya kwana masu shago sun riga ka. Direban da ke jigila tsakanin Funtua da Malumfashi, yammacin ranar kasuwa, yana ajiye mota. Dillalin hatsi kuwa kullum yana da shi, kuma shi ne ya fi kowa wuyar biya.

Kunya ma a wurin Malam Haruna mudu-mudu ake auna ta. Za ka fara da gaisuwa, ka je da safe ka tambayi lafiyar iyali ka tashi ba ka ce komai ba. Mai hankali a nan yake biya. In bai biya ba ka ja shi gefe ka faɗa masa. In ya maimaita, ka faɗa masa a gaban mutum ɗaya. Sai an wuce duk wannan lambar ɗakinsa ke hawa allo, lamba kawai, ba suna. Suna sai an yi wata uku ana abu ɗaya, kuma ka tabbata yana da shi ya hana.

Kuskuren da na yi a shekarata ta biyu har yau yana ci mini rai. Wani tela ne a ɗaki na bakwai, wata huɗu bai ba da na shara ba, kuma yana da shi, don ana dab da salla ɗinki ya yi masa yawa. Na ɗauki alli na rubuta sunansa da boko da ajami kamar yadda maigidana ke yi, ban tambayi kowa wa ke zuwa gidan a ranar ba. Ashe surukinsa ne zai zo daga Kafur duba 'yarsa da ta haihu. Tsohon ya tsaya a zaure ya karanta ajamin tsaf, ya shiga ya ga jikansa, ya ƙi cin abincin da aka kawo masa, ya ce ba ya ƙara wa mai bashi nauyi. Kafin sati telan ya kwashe kekensa ya bar unguwar, kuɗin ma ba mu samu ba. Malam Haruna bai zage ni ba. Ya karɓe allin wata shida, ya ce wanda ka kunyata gaban surukinsa ba shi da sauran abin da zai tsare, don me zai biya ka? Tun daga ranar ba na rubuta sunan kowa sai na san wa zai taka zauren.

Makaminmu na ƙarshe maroƙi ne, ana ce masa Na-Gozaki. Dogo ne siriri, amma in ya buɗe maƙogwaro daga bakin titi ana jinsa a bayan gida. Ba zagi muke sa shi ba, ku lura da wannan. Yabo muke sa shi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai tsaya a ƙofar gida ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya kira sunan duk wanda ya biya, ya wasa shi da garinsu da sana'arsa, mata na guɗa daga ciki. In ya iso ɗakin da bai biya ba, sai ya yi shiru, ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya wuce na gaba. Bai kira suna ba, bai ce bashi ba, ba abin da za ka kai wa mai unguwa. Amma kowa a gidan ya san jerin ɗakuna. A shekarun da na yi da shi sau biyar kacal na kira shi, don in ya zama na kullum gyaran muryar ta koma tari.

Na biyar ɗin shi ne labarin da nake son ku ji.

Bayan rasuwar Malam Haruna na gaji kula da wasu gidajen da ke hannunsa, kuma babban cikinsu shi ne gidan Alhaji Mamman, wani attajiri da ke zaune a Malumfashi. Ɗaki ashirin da biyu ne, da burtsatse a tsakar gida da tanki a sama. Ni ma a ciki nake. Yarjejeniyarmu ita ce ya ba ni ciki da falo kusa da zaure ba haya, ga kuma ɗan la'adata. Shekara goma sha tara na yi a ɗakin nan, a nan mai ɗakina Hajara ta haifi yaranmu huɗu. Wato gidan nan shi ne aikina, shi ne kuma makwancina.

Sai muguwar shekara ta zo. Taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ɓarayin daji suka hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, mutanen ƙauye suka yi ta gudowa cikin gari. Ɗakin da mutum uku ke kwana ya koma na mutum tara. Ruwan da ake ja ya ninka, kuɗin da ke shigowa ya ragu. Cikin waɗanda suka dawo gari akwai Alhaji Ɗanlami, dillalin hatsi daga wajen Tsiga. Shi ba da tabarma ya gudo ba, da motoci biyu ya zo. Ya kama ɗakuna huɗu na gaba, na ɗaya zuwa na huɗu, biyu na iyali, biyu masu ƙofa ta waje ya mai da su sito ya danƙare da buhunan masara. Hayar shekara ya biya ta lakadan ba musu. Amma kuɗin ruwa, naira dubu kowane ɗaki a wata, ya ce bai san zancen ba.

Na yi masa gaisuwar safe har ƙafata ta san hanyar. Na ja shi gefe, ya ce shi ruwan leda yake sha. Alhali gidansa ya fi kowa jan ruwa, har mota ake wanke masa da tiyo kowace safiya. Na sake komawa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba da ni ya yi ciniki ba, zai yi magana da Alhaji Mamman. Ba rashin kuɗi ba ne, abin da ya tsaya masa shi ne wai kamarsa ɗan kiyateka ya tsaya a kansa da littafi. Wata tara aka yi haka, dubu talatin da shida. Abin da ya fi wannan muni, sauran 'yan haya suka gani. Malamin makaranta na ɗaki na goma sha ɗaya, wanda bai taɓa saɓa wata ba, ya ce mini ranar da mai ɗaki huɗu ya biya shi ma zai biya. Mutum shida suka bi bayansa, kuma ban ga laifinsu ba.

Ana cikin haka injin da ke ƙasan burtsatse ya ƙone. Mai gyara ya ciro shi ya ce sai an sake naɗa masa waya, na buɗe jaka na ga abin da ke ciki bai kai rabi ba. Gida mai mutum fiye da ɗari ya koma sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa. Masai ya fara wari. Wadda abin ya fi kayarwa ita ce Tani mai waina ta ɗaki na goma sha bakwai, wata bazawara 'yar Kafur da ke suya a ƙofar gida tana riƙe da marayu uku. Sana'arta duk ruwa ce, jiƙa shinkafa, wankin tanda, wankin kwanuka, miyar taushe. Ba ta taɓa bari wata ya mutu ba ta kawo mini dubunta a ƙulle a bakin zane ba. Sati uku da ɗaukewar ruwa ta tare ni a zaure ta ce, Malam Audu, ribar da nake samu ga-ruwa nake miƙa wa, jarin ma ya fara taɓuwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi, ita da ta biya me ta yi?

Sai na hau mota zuwa Malumfashi. Na sami Alhaji Mamman a ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, na roƙe shi ko dai ya yi wa Alhaji Ɗanlami magana ko ya ranta mana kuɗin gyara. Ya ce kuɗin ruwa na 'yan haya ne, shi ba ruwansa, haka muka yi tun farko. Na ce to zan sa lambar ɗakunan Alhaji Ɗanlami a allo. Nan fuskarsa ta canza. Ashe masarar da ke cikin siton nan rabi tasa ce, Ɗanlami ke juya masa ita. Ya ce in rubuta sunayen sauran bakwai ɗin, su ne marasa kunya. Na ce ranka ya daɗe, su bakwai ɗin bin sahu suka yi, ba zan rubuta mai ɗaki ɗaya in tsallake mai huɗu ba.

“Audu,” ya ce, “duk ranar da ka taɓa mutuncin Ɗanlami, ka kawo mini makullaina, ka kuma fitar mini daga ɗaki.”

Na dawo na gaya wa Hajara yadda muka yi, ban rage komai ba. Tana tsince shinkafa ta tambaye ni ko ina da inda za mu. Na ce babu. Ta ce to in yi abin da zan iya haɗa ido da Tani gobe. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, da yara huɗu, a shekarar da ɗaki ya fi nama tsada a Funtua. Amma in na rubuta talakawa bakwai na bar mai kuɗi, allon nan ya mutu, ni ma na mutu a aikin, ko da ina cikin ɗakin.

Kafin in kira Na-Gozaki sai da na share fage, kuma nan ne aikin yake, ba a ihun ba. Akwai ɗakuna uku da na san babu ce. Ɗaya na Malam Iro ne, manomin da ya gudo ya bar masararsa tsaye a gona. In maroƙi ya tsallake shi na zalunce shi. Sai na ce ya yashe mana kwata ya kai shara bola na sati biyu, na rubuta ya biya. Sauran biyun ma na nemo musu abin yi. Ranar Laraba na taka gidan Na-Gozaki muka tsai da magana, sannan na bi mutum bakwai ɗin nan na gaya musu yana zuwa jibi. Kafin magaribar Alhamis duk sun kawo, malamin makaranta har yana cewa in dai da gaske nake shi zai fara guɗa. Na ƙirga abin da ke jaka, saura dubu talatin da 'yan kai a tada inji. Na bincika na tabbata ba surukin Alhaji Ɗanlami ko wani babbansa da zai zo ranar. Sannan na je na same shi shi kaɗai na faɗa masa, don ban taɓa yi wa mutum kwanton ɓauna ba. Dariya ya yi. Ya ce maroƙa ai yaransu ne, su suke ciyar da su.

Ranar Juma'a aka sauko masallaci. Alhaji Ɗanlami ya sa aka shimfiɗa darduma a ƙofar sitonsa kamar yadda ya saba, ya zauna da abokan cinikinsa dillalai su biyar, an kawo musu fura. Tani na gefe da tandarta. Na-Gozaki ya iso da babbar rigarsa da ta sha wanki, ya tsaya a bakin zaure, ya fara daga ɗaki na ashirin da biyu yana gangarowa. Ya wasa direba, ya wasa mai kanti, ya wasa malamin makaranta. Da ya zo kan Tani ya ce ga 'yar Kafur mai tanda goma sha biyu, ta ciyar da unguwa ta biya na ruwa, ba a binta ko ƙwayar gero. Mata suka ɗauki guɗa daga ciki. Ya kira Malam Iro, ya ce manomin da ya rasa gona bai rasa mutunci ba, na ga mutumin ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa. Yara sun cika titi, masu wucewa sun tsaya. Ya sauko na shida, ya sauko na biyar.

Sai ya yi shiru. Ya juya ya dubi ɗakunan gaba, ya yi gyaran murya. Ya ɗan jira, ya sake yi. Sau huɗu, ɗaki-ɗaki, ba gaggawa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya kama hanya.

Da Alhaji Ɗanlami ya daure ya yi fuska, da abin ya tsaya nan, ya aiko da kuɗin da yamma a ɓoye, kamar yadda na gabansa suka yi. Amma ɗaya daga cikin dillalan ya tambaye shi, Alhaji, ya aka yi bai kira ka ba? Wannan tambayar ce ta kwashe shi. Mutum ne da ya saba duk inda maroƙi ya gan shi sai ya wasa shi, ga shi yau an wuce shi gaban abokan kasuwa. Ya ƙwala wa Na-Gozaki kira, ya zura hannu a aljihu ya ciro bandir ɗin 'yan ɗari biyar-biyar, da takardar banki a jikinsa ba a ko ɓalle ba, ya jefa masa, ya ce ya gaya wa mutane ko shi wane ne.

To ku da kuka tashi a waya ba lallai ku sani ba. Maroƙi ba ya karɓar kyauta ya sa aljihu shiru. Dole ya ɗaga ta sama ya faɗi ko nawa ce da wanda ya ba shi, in bai yi ba ya raina mai kyautar. Alhaji ya san haka sarai, don haka ma ya bayar, yana son a ji. Abin da ya manta shi ne su wa ke saurare. Na-Gozaki ya ɗaga bandir ɗin sama ya buɗe murya gaba ɗaya.

“Jama'a ku shaida! Alhaji Ɗanlami na Tsiga, mai sito biyu, ya ba ni dubu hamsin! Dubu hamsin cif, ko ƙirgawa bai yi ba!”

Ba wadda ta yi guɗa. Gidan da ya yi sati biyar ba ɗigon ruwa ya yi tsit, har kana jin man Tani na ƙara a tanda. Ita ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba, tana juya waina.

“Malam Na-Gozaki, ara mana talatin da shida a ciki mu sha ruwa.”

Wani yaro ya fara ƙyalƙyalewa, sai titi ya ɗauka, sai cikin gida. Dillalan nan suka rasa inda za su sa idonsu, ɗaya ya ƙware da fura. Wallahi ban shirya wannan ba, ban kuma isa in shirya shi ba. Alhaji Ɗanlami ya tashi ya shige ciki ya bar takalminsa a bakin darduma. Kafin la'asar ɗansa ya kawo mini dubu talatin da shida a ambulan, ya ce Baba ya ce a ba shi rasit. Na rubuta masa da kyakkyawan rubutu. Ranar Lahadi da hantsi mai gyara ya mai da inji, tanki ya cika har ya yi ambaliya, mata suka yi layi da bokitai suna faɗa a kan wa ta riga wa.

Ranar Litinin Alhaji Mamman ya zo da kansa, abin da ya shekara bai yi ba. Ya zauna a zaure a kan kujerata, ni ina ƙasa. Ya ce ya tuna shekara goma sha tara, ba ya son ya tozarta ni, don haka ga hanya: in je ƙofar siton nan ranar Juma'a mai zuwa, gaban mutanen da aka yi abin a gabansu, in durƙusa in ba Ɗanlami haƙuri, in ce kuskuren lissafi ne daga wurina, ba a binsa komai. In na yi haka in ci gaba da zamana.

Ina jin ƙarar famfo daga tsakar gida. Ba da haƙuri ba ya yi mini wuya, na ba mutanen da ba su kai shi ba. Amma in ce littafina ne ya yi ƙarya? Littafin nan shi ne abin da Tani ta dogara da shi take miƙo mini dubunta ba ta neman shaida. Na kwance ɗaurin makullai daga ƙuguna na ajiye a gabansa.

“Ranka ya daɗe, lissafina daidai ne. Ga makullanka. Saura la'adata ta wata huɗu da ba ka ba ni ba.”

Ya ce zai duba, in saurare shi bayan kaka. Na ce ba komai, Allah ya kai mu, ai Na-Gozaki ya san hanyar Malumfashi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo mini su a wurin, bai rage ko naira ba.

Sati biyu ya ba ni. Na sami ɗaki ɗaya a bayan gari, mu shida, rabin girman wanda muka bari, hayarsa ta cinye la'adar nan har sai da na sayar da babur ɗina na ƙara. Ranar tashi Malam Iro ne ya tura mana amalanke, ya ƙi karɓar ko kwabo. Raina ya ɓaci da na ga an fito da gadon Hajara tsakar gida, ban iya yi wa kowa sallama yadda ya kamata ba. Mun ɗaure kaya ke nan ta ce a dakata, ta sauko da jarkoki biyu ta je ta bi layin famfo kamar kowa. Matan suka matsa mata ta shiga gaba, ta ce a'a, ta jira nata. Ta cika su, muka ɗora a saman kaya, don gidan da za mu ba shi da ruwa.

Har yau ba shi da shi. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofa in tare ɗan ga-ruwa in sayi jarka huɗu, kafin in fita bin kuɗin 'yan ƙananan gidaje biyun da suka rage a hannuna. Masu cewa na yi wauta suna da yawa, cikinsu har da 'yan'uwana. Su yi ta faɗa. Da za a maido ni ranar Larabar nan, da ƙafata zan sake takawa gidan Na-Gozaki.